Tsinke, Sanduna, Tubala ko Abakas: Wanne Ɗalibin Malanta Zai Ɗauka Zuwa Ajin Lissafi?

Duk lokacin da fita TP, wato koyarwar gwaji, ta matso, tambayar da ɗaliban NCE (takardar shaidar malanta) masu karanta ilimin firamare suka fi yi mini ita ce: "Malam, wane kayan koyarwa zan tanada?" Yawancinsu kwali suke nufi, irin wanda ake kai wa mai zane ya rubuta jadawalin sau da alƙalami mai launi, a liƙa a bango ranar da mai duba aiki zai zo. Kwali yana da amfaninsa, amma kallonsa kawai yaro ke yi. Ni abin da ya dame ni shi ne wanda yaro zai riƙe a hannu, ya ƙirga, ya ɗaure, ya kwance.

Kafin in ba su amsa nakan rubuta 52 − 27 a allo. Kowa ya san 25 ne. Sai in ce, to da kuka ari ɗaya daga biyar, yaya aka yi ɗayan nan ta haɗu da biyu suka zama sha biyu, ba uku ba? Nan aji kan yi tsit, can wani ya ce, "Haka aka koya mana." Ba laifinsu ba ne, da hadda aka rene su. Amma wanda bai san dalilin aro ba, idan ya ga ɗan aji biyu ya rubuta 35 a wannan lissafi, iyakarsa ya ja masa jan biro. Ba zai gane cewa yaron ya cire biyu daga bakwai ne, ya cire biyu daga biyar, domin an taɓa gaya masa ba a cire babba daga ƙarami. Saboda haka kayan da za ka zaɓa aiki biyu zai yi: ya fara gyara naka lissafin, sannan ya koyar da yara.

Masanin nan na Amurka, Jerome Bruner, ya bayyana a shekarun 1960 cewa fahimta kan bi hawa uku: a yi abu da hannu, a gan shi a zane, sannan a rubuta shi da alama. A kan wannan ne Singafo ta gina tsarin lissafinta na firamare tun shekarun 1980. Duk kayan da zan ambata, ban da wayar hannu, na hawan farko ne, kuma babu wanda zai yi amfani idan aka tsaya a nan.

Ma'aunan da zan bi

Na farko, kuma shi ne babba: shin kayan yana nuna wa ido cewa goma ɗaya daidai take da ɗaiɗai goma? Gurbin lamba, wato sanin gidan ɗaiɗai, na gomomi da na ɗarurruka, shi ne ginshiƙin tarawa, ɗebewa, sau da rabawa. Hausa ma ta taimaka mana a nan rabi da rabi. "Goma sha uku" ta faɗi abin da ke cikinta ƙarara, goma da ƙarin uku. Amma ashirin, talatin, arba'in, waɗanda muka aro daga Larabci, ba sa gaya wa yaro komai. Tsohuwar ƙidaya ta "gomiya biyu, gomiya uku" ta fi su bayani, kuma ina ba ɗalibaina shawara su dawo da ita aji, a faɗi biyun tare.

Na biyu kuɗi, kuma ba kuɗin saiti ɗaya ba, kuɗin abin da zai isa ajin da ke da yara tamanin. Na uku ƙarko: zafi, ƙura, gara, damina, da ajin da ba shi da ƙofa. Na huɗu sauƙi ga malamin da bai taɓa riƙe aji ba. Na biyar haɗari, na jikin yaro da na fahimtarsa. Na ƙarshe, zuwa aji nawa kayan zai raka ka.

Tsinke da dami, da sauran kayan tsintuwa

Tsinken tsintsiya ko sillen kara, a yanka su daidai kamar tsawon taƙi, a riƙa ɗaure goma-goma da robali ko zare. Tsinke ɗaya ɗaya ne, dami ɗaya goma ne, dami goma a ɗaure wuri ɗaya ɗari ce. Iyakar kayan ke nan. Ƙungiyar Pratham ta Indiya da shi take koyar da gurbin lamba a tsarinta na koyar da yaro daidai matakinsa, wanda aka fi sani da TaRL, kuma tsarin ya shigo Najeriya, an yi aiki da shi a Borno da wasu jihohin Arewa.

Ga yadda na ga wata ɗalibata ta yi 52 − 27 a wata makarantar ƙauye. Ta ja layi a ƙasa da tsinke, dama gidan ɗaiɗai, hagu gidan gomomi. Yara suka ajiye dami biyar a hagu, tsinke biyu a dama. Ta ce, "Ku ba ni bakwai daga gidan ɗaiɗai." Suka ce biyu ne kawai. Ta yi shiru, ba ta ba su amsa ba. Can wata yarinya ta miƙa hannu ta ɗauki dami ɗaya, ta zare robalin, ta zube tsinkayen a gidan dama. Suka ƙirga, sha biyu. Dami ya koma huɗu. Suka cire bakwai, saura biyar. Suka cire dami biyu, saura biyu. Sai a lokacin malamar ta je allo ta soke 5 ta rubuta 4, ta sa ƙaramar 1 a gefen 2, ta tambaye su ina ɗayan nan ta fito. Suka amsa baki ɗaya: damin da aka kwance. Daga ranar ta daina cewa "aro", ta koma cewa "kwance dami", kuma na ga dacewar hakan, tunda abin da aka ara ana mayarwa, wannan kuwa ba a mayar da shi.

A ma'auni na farko babu kayan da ya kai shi, domin yaro da hannunsa ya haɗa gomar, da hannunsa ya warware ta. Kuɗi kuwa kusan babu. Aji mai yara 80, ka raba su rukuni 16 na mutum biyar-biyar, kowane rukuni na buƙatar tsinke 100, jimla 1,600. Kowane yaro ya zo da 20 daga gida, an gama. Ƙarkonsa matsakaici ne: yana karyewa, yana ɓata, robali yakan tsinke idan zafi ya dafa shi, amma maye gurbinsa ba ya cin komai. A zuba a gwangwani mai murfi ko jakar buhu, kada a bar shi a ƙasa gara ta same shi.

Haɗarinsa tsini ne. Tsinken tsire kada ya shiga aji ko kusa, na tsintsiya ma a datse bakinsa. Rauninsa a lissafi shi ne manyan lambobi. Ɗari tana yiwuwa, amma dubu ta zama kayan ɗauka a ka, kuma ɗaurewa da kwancewa na cin lokacin darasi idan ba ka saba da sarrafa aji ba.

A gefensa akwai 'yan uwansa: murafun gorar ruwa, ƙwallon dabino, 'ya'yan tsamiya, tsakuwa. Waɗannan na ƙirga ne da rarrabawa da kasa-kashi. Murfin roba ya fi na ƙarfe, don na ƙarfe yana tsatsa, bakinsa kuma yana yanka. 'Ya'yan tsamiya ban yarda a ba 'yan aji ɗaya ba, suna cusa su a hanci da kunne. Abin da na fi so a cikinsu shi ne kiret ɗin ƙwai. Gurbi talatin gare shi, layi biyar sau shida. Ka yanko layi biyu masu gurbi biyar-biyar, ka sami gidan goma: yaro ya zuba murfi bakwai, idonsa ya gaya masa saura uku a cika. Ka bar shi yadda yake, ya nuna 5 × 6. Ka juya shi, ya nuna 6 × 5, kuma ƙwan bai ƙaru ba bai ragu ba.

Sandunan Cuisenaire

Georges Cuisenaire malamin firamare ne a garin Thuin na ƙasar Beljiyam. Ya fitar da bayanin sandunansa a 1952, Caleb Gattegno kuma ya yaɗa su a duniya. Sanduna goma ne, daga santimita ɗaya zuwa goma, kowanne da launinsa: fari 1, ja 2, kore mai haske 3, shunayya 4, rawaya 5, kore mai duhu 6, baƙi 7, ruwan ƙasa 8, shuɗi 9, ruwan lemo 10. Babu lamba a jikinsu, kuma da gangan aka yi haka.

A gurbin lamba ba su kai tsinke ba. Ƙarfinsu yana wajen dangantakar lambobi, musamman ɓangarori, wato rabi, sulusi da makamantansu, inda ɗaliban malanta da kansu suka fi yin tuntuɓe. Ka tambayi aji rabi a tara da sulusi, da yawa za su ce biyu bisa biyar, sun tara sama sun tara ƙasa. To ɗauki kore mai duhu ka ce shi ne guda. Kore mai haske biyu ne ke cika tsawonsa, shi ne rabi. Ja uku ke cika shi, shi ne sulusi. Fari shida, sudusi. Jera kore mai haske da ja kai da kai, ka auna da farare: biyar. Amsa sudusi biyar, kuma ka ga da idonka abin da ya sa ake neman lambar ƙasa ta zama ɗaya. Ka mai da ruwan ƙasa guda, sai rubu'i da sumuni su fito. Sunayen nan ba baƙi ba ne a wurinmu, duk wanda ya zauna inda ake rabon gado ya ji su, don haka malami na da ƙofar shiga a buɗe.

Na kanti daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala, kuma saiti ɗaya rukuni ɗaya yake isa. Kafinta zai iya yanka maka daga ragowar katako. Idan za ka bi wannan hanya, ka ce ya mai da fari santimita biyu, ruwan lemo ashirin, don ƙananan sun fi saurin ɓata. Ka tsaya a kansa yana yankawa, domin kuskuren awo kaɗan ya isa ya sa ja uku su ƙi cika kore, darasin ya rushe a gaban yara. Ana yi da karan dawa ma, sai dai zango ɗaya yake yi. Na katako kuwa shekaru.

Wahalarsu tana kan malami. Sai ka zauna ka yi wasa da su kai kaɗai na makonni kafin ka kai su aji. Haɗarinsu kuma shi ne yaro ya haddace "ja biyu ne" har ya kasa yarda cewa yau ja sulusi ne. Maganin wannan shi ne a riƙa sauya sandan da ake kira guda tun da wuri.

Tubalan goma-goma na Dienes

Zoltan Dienes, masanin lissafi haifaffen Hangari, shi ya shahara da su. Ƙwaya ɗaya, sanda mai ƙwaya goma, faifai mai ɗari, da dunƙule mai dubu. Girmansu na bin ƙimarsu sak, don haka yaro na ganin yadda dubu ta ninka ɗari. A irin da ƙwayarsa ke da santimita ɗaya, dunƙulen santimita goma ne ta kowace fuska, wato daidai lita ɗaya, wanda ke da amfani idan an zo darasin awo.

Bambancinsu da tsinke shi ne gomarsu a haɗe ta zo, ba ta kwantuwa. Idan ana buƙatar ɗaiɗai sai a yi canji, a ba da sanda a karɓi ƙwaya goma, kamar yadda ake canjin kuɗi wajen mai shago. Yaron da ya riga ya ɗaure dami da hannunsa zai gane nan take. Wanda bai yi ba yakan ɗauki sanda a matsayin "ɗaya doguwa". Shi ya sa nake ganinsu a matsayin mataki na biyu, daga aji uku zuwa sama.

A nan kuwa sun yi zarra. Ka shimfiɗa 13 × 12: faifai ɗaya a kusurwa, sanda uku a gefe, biyu a ƙasa, ƙwaya shida su cike gurbin da ya rage. Ɗari, da talatin, da ashirin, da shida, 156. Ɗalibai da dama sun gaya mini a ranar suka fara gane abin da ya sa ake matsawa gurbi ɗaya a layi na biyu na dogon sau. Ka mai da faifai guda, sanda ta zama 0.1, ƙwaya 0.01, sai a ga dalilin da 0.3 ta fi 0.25 girma.

Su ne mafi tsada a cikin kayan hannu idan na kanti ne, na roba kuma suna daɗewa, sai dai ƙwayoyin na zurarewa aljihun yara. Mafita ita ce kwalin katan: ka ja layuka, ka yanka ƙwaya, sanda da faifai. Dunƙule ɗaya tak na nuni ya isa. Na kwali ba ya jure laima, amma zai kai ka ƙarshen TP.

Abakas

Abin ƙirga ne mai duwatsu jere a jikin waya ko sanda. Sunan ɗaya ne, kayan iri-iri. Akwai mai layi goma da duwatsu ɗari, wanda ake gani a ajin raino. Na ƙirga ne, kuma ana iya haɗa shi da waya da duwatsun tsohon carbi. Akwai mai tsayayyun sanduna, kowane sanda gurbi ɗaya. Akwai kuma soroban na Japan, mai dutse ɗaya a sama da ke matsayin biyar, da huɗu a ƙasa, wanda wasu makarantun kuɗi a birane ke koyarwa a matsayin darasi na musamman.

Yana da ƙarko, ba abin da ke zubewa, kuma aji ba ya hargitsewa. Amma a ma'aunina na farko ya faɗi. Dutsen da ke gidan gomomi da wanda ke gidan ɗaiɗai girmansu ɗaya, kamanninsu ɗaya. Sai yaro ya riga ya yarda cewa wurin zama ne ke ba lamba ƙima kafin abakas ya yi masa ma'ana, alhali wannan ne abin da muke son koyarwa. Ga wanda ya riga ya gane, gada ce mai kyau zuwa rubutaccen lissafi, kuma yana nuna aikin sifili sosai: sanda babu dutse a tsakiyar 305. Soroban yana kawo sauri na ban mamaki, amma sai malamin ya ƙware, kowane yaro kuma sai ya sami nasa. Na sha ganin yaro mai saurin yatsa da ya kasa faɗin abin da ya sa amsarsa ta zama daidai. Ɗan TP ba shi da lokacin da wannan ke buƙata.

Wayar hannu

Akwai manhajoji na kyauta da ke nuna tubala da sanduna a fuskar waya, akwai darussan bidiyo irin na Khan Academy. Don karatun kanka da dare, suna da amfani ƙwarai. A aji kuwa waya ɗaya ce, yara tamanin, ga caji ga data, yawancin bayanin kuma da Turanci. Yaro kallo zai yi, mun koma gidan kwali.

| Kaya | Nuna gurbin lamba | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi ga sabon malami | Babban haɗari | Ajin da ya fi dacewa |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Tsinke da dami | Ƙwarai | Kusan babu | Matsakaici | Mai sauƙi | Tsini, cin lokaci | 1 zuwa 3 |
| Murafu da kiret | Kaɗan | Kusan babu | Matsakaici | Mai sauƙi | Haɗiyewa, datti | 1 zuwa 3 |
| Cuisenaire | Matsakaici | Tsada, na kafinta da rangwame | Mai kyau | Sai da atisaye | Haddace launi | 2 zuwa 6 |
| Dienes | Ƙwarai | Mafi tsada, na kwali araha | Na roba mai kyau | Matsakaici | Ɓatan ƙwayoyi | 3 zuwa 6 |
| Abakas | Kaɗan a farko | Matsakaici | Mai kyau | Soroban da wuya | Sauri ba fahimta | 3 zuwa sama |
| Waya | A gani kawai | Data da caji | Ya danganta | Mai sauƙi | Yara ba sa taɓawa | Malami shi kaɗai |

Abin da jadawalin kwatancen nan na sama bai ɗauka ba shi ne haɗarin da ya shafe su duka. Sabon malami yakan raba kaya, aji ya ɗauki hayaniya, yara su ji daɗi, a kaɗa ƙararrawa ba a rubuta komai ba. Wannan wasa aka yi. Kowane darasi ya ƙare da yaro ya zana abin da ya yi, dami a matsayin doguwar sanda, tsinke a matsayin ɗigo, sannan ya rubuta shi da lamba a littafinsa. Kuma ka naɗa mai rabawa da mai tattarawa a kowane rukuni tun ranar farko, ka ware minti biyar na ƙarshe don ƙirga kaya a mayar.

Wa zai ɗauki wanne

Idan an tura ka makarantar gwamnati, aji ɗaya zuwa uku, yara cike har bakin ƙofa, ba ka da kuɗi: tsinke da dami, murafun roba, kiret biyu ko uku. Kada ka ji kunyar shiga da su gaban mai duba aiki. Abin da NCCE, hukumar da ke kula da kwalejojin ilimi na ƙasa, ta daɗe tana nema a horon malamai ya haɗa da iya ƙirƙirar kayan koyarwa daga abin da ke kusa, kuma mai duba aikin da ya san aikinsa hannun yara zai kalla.

Idan aji huɗu zuwa shida aka ba ka, fara da gwada su da 52 − 27. In da yawa sun rubuta 35, koma kan tsinke na mako biyu ko da manhaja ta ce kuna kan ɓangarori, sannan ka shigo da tubalan kwali don sau da lambobi masu ɗigo.

Idan kai ne ka san a ranka ɓangarori ba su zauna maka ba, sandunan Cuisenaire za ka nema, ko da saiti ɗaya. Ku haɗa kuɗi ku biyar ko shida 'yan aji ɗaya ku je wajen kafinta, ku riƙa zama da su bayan lacca kuna yi wa juna tambaya.

Idan makarantar kuɗi ce mai yara ashirin ko talatin a aji kuma mai makaranta ya ce a rubuto abin da za a saya, ka sa tubalan Dienes na roba a gaba, Cuisenaire na biye, abakas mai tsayayyun sanduna a ƙarshe. Soroban sai in akwai malamin da ya koye shi sosai, kuma a ba shi lokacinsa daban.

Malamar da ke koyar da yara a gida ko a Islamiyya mai haɗe da boko, inda ake zama a tabarma babu tebur, tsinke ya fi mata, don tubala da sanduna na son shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri. Ta ja layin gidan ɗaiɗai da na gomomi da alli a kan allon katako ko a siminti, ta yanka tsinkayen su ɗan fi kauri yadda ba za su shige saƙar tabarma ba.